Kunnen Doki da Surukina

Surukina ya iso gidana a Diffa a bayan wata motar kaya, a shekarar da aka sake kai wa Bosso hari mutane suka watse. Na dawo daga lakkol, makarantar da nake koyarwa, da azahar na tarar da shi a zaure, zaune a kan jakarsa, ƙafafunsa sun kumbura har igiyar takalmi ta nutse a ciki. Na durƙusa na gaishe shi ina kallon ƙasa, ya amsa yana kallon bango. Na yi masa barka da arziki, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Daga nan magana ta ƙare mana, na tashi na shige cikin gida sumui-sumui kamar ni ne baƙon.

Ni ɗan Damagaram ne. Gwamnati ce ta turo ni Diffa in koyar da lissafi a koleji, na zo da niyyar in yi ɗan lokaci in nemi canji, sai aure ya riƙe ni. Matata Babarbariya ce, 'yar bakin Komadugu. Mahaifinta ya yi aikin jinya har ya riƙe ɗakin shan magani na garinsu, shi ya sa yaro da babba ke ce masa Majo, yadda ake kiran shugaban ma'aikatan jinya a ƙasar nan. Da ya yi ritaya ya koma noman tattasai a bakin kogi. Kafin ranar nan ganina da shi bai wuce na Sallah ko na suna ba, kuma ko a lokacin daga bakin ƙofa nake gaishe shi, takalma a hannu. Haka aka raine mu da suruki. Ba ka cin abinci a gabansa, ba ka miƙe ƙafa, ba ka ɗaga murya, in kuma ka hango shi a hanya ga wani lungu kusa, to lungun ya fi maka sauƙi.

To ga shi yanzu a gidana, gidan haya mai ban-ɗaki ɗaya. Na koma kamar ɓarawo a gidan kaina. Da safe sai na kasa kunne na ji ya dawo ya ajiye buta kafin in fito. Singiletin da nake zaman tsakar gida da ita na daina, a zafin Diffa kuwa wannan ba ƙaramar sadaukarwa ba ce. Rediyo na daina kunnawa. Ko tari ne ya taso mini sai in danne shi har in kai ƙofar gida.

Amma tawa kunyar wasan yara ce a kan tasa. Mutumin da ake layi a ƙofarsa tun da asuba, wanda ya yi wa rabin garinsu allura, yau shi ne ke kwana a ɗakin mijin 'yarsa. A wurinsu, kamar a wurinmu, uba ba ya zama a gidan da aka kai 'yarsa aure. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa namiji soja ne yana can arewa a bariki, ba wurin ajiye tsoho. Bai daɗe da zuwa ba ya fara maganar tafiya. Mutanen garinsu sun kakkafa bukkokin zana da tamfol a bakin kwalta, kan hanyar Ngigmi, ya ce can zai koma ya zauna cikin 'yan'uwansa.

Matata ta san wurin, ni ma na sani. Fili ne na rairayi, ba inuwa, ruwa sai motar tanki ta kawo. Shi kuwa yana da hawan jini, zuciyarsa ma ba ƙarfi gare ta ba, kumburin ƙafar nan ba na tafiya kaɗai ba ne. Ta same ni a ɗaki ta ce in ya tafi can, gawarsa za a kawo mana. Ta ce ita 'ya ce, ba ta isa ta hana shi ba, sai dai ni in san yadda zan yi in riƙe shi. Na ce ni da ba na iya kallon idonsa, da wane baki zan riƙe shi? Har faɗa muka yi, faɗan raɗa, don kada ya ji.

Ita ce ta samo dabara. A saman akwatuna ina da wani kwali na wasan eshek tun ina jami'a a Yamai. Eshek dai darar Turawa ce. Allo ne mai gidaje farare da baƙaƙe, kowane ɗan wasa da sarkinsa da sarauniyarsa, da dawaki biyu, da wasu biyu masu tafiya a karkace waɗanda Faransawa ke kira mahaukata, da wasu biyu masu kama da rumbu da ke tafiya a miƙe, sai jerin dakaru a gabansu. Wanda ya ritsa sarkin abokinsa ya hana shi mafita, shi ya ci. Matata ta ce tana ƙarama ta sha ganin babanta yana buga shi da wani likita Bature a inuwar bedi, bayan an tashi daga aiki, ana kiransa cin abinci ba ya ji. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta goge kwalin ta ajiye a zaure kusa da kayan shayi.

Washegari da la'asar na zo wucewa, na ga ya jera 'ya'yan a kan allo, kowane a gidansa.

"Mushe," ya ce, don haka yake kirana, yadda ake kiran kowane malamin lakkol, "ka iya wannan?"

Na ce kaɗan-kaɗan, Baba. Ƙarya ce. A jami'a an san ni a wasan nan da rashin haƙuri. Ni mai kai hari ne tun ba a gama gaisawa ba, in jefar da doki in jefar da rumbu in dai zan kai ga sarki, kuma ba na ajiye ɗa a hankali, sai allo ya yi ƙara. Na cire takalma na zauna a bakin tabarma, rabin jikina a kan siminti. Ya turo mini fararen, ya ce ni zan fara.

Nan na gane irin ramin da matata ta jefa ni. A eshek ba a kai wa sarki hari a ɓoye. In ka auna shi sai ka faɗa da bakinka, ka ce "eshek", wato ga ni a kanka, nemi wurin gudu. Ni in dubi mahaifin matata, mutumin da aka koro daga gidansa, in ce masa ya nemi wurin gudu? Na yanke shawarar in bar shi ya ci kawai a rabu lafiya, na ɗauki sarauniyata na ajiye ta a bakin dokinsa kamar ban lura ba. Ya dube ta, ya dubi bango, ya sa yatsa ɗaya ya mayar da ita inda ta fito.

"Bon," ya ce, wato "to" da Faransanci. "Ba ka gani ba. Sake."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ya gane, kuma ya san na san ya gane. Muka ƙarasa wasan a daddafe, yau ko za a kashe ni ban tuna yadda ya ƙare ba. Abin da na tashi da shi shi ne, ba dama in ci shi, ba dama kuma in ba shi kyauta. Hanya ɗaya ta rage, a riƙa tashi kunnen doki, ba wanda ya ci wani.

Na nemi maganin abin a waya, a ɗakin malamai, lokacin hutun hantsi. Akwai mutane a intanet da ba su da aiki sai koyar da yadda ake buɗe wasa, wato motsin farko-farko da ke tsara yadda yaƙin zai kasance. Na tsallake duk masu alkawarin kashe sarki da wuri, irin waɗanda da can nake so. Na tsaya a kan wani mai sanƙo da sanyin murya, da ya ce nasa buɗin na masu son kwanciyar hankali ne, ba ya ba ka rinjaye nan take, ba ya kuma bari a shige ka. Dakaren gaban sarauniya ya yi taki biyu ya tsaya a tsakiya. Na damansa da na hagunsa kowane ya yi taki ɗaya, su tokare shi ta baya, su uku kamar duwatsun murhu. Dokin sarki ya fito. Mahaukaci ɗaya ya fito ya tsaya bayan dakaren tsakiya, yana hangen kusurwar da sarkin abokin wasa zai ɓuya. Ɗaya dokin ya tsaya a bayansa. Sannan ka shigar da sarkinka kusurwa, rumbu ya tsare masa ƙofa. Ba ɗa ko ɗaya da ke tsaye ba mai gadi. Mai sanƙon ya gyara zama ya ce to yanzu ga abin da ake nufi da duk wannan shiri, sai aka kaɗa ƙararrawa. Na kashe wayar, ban kuma sake komawa kansa ba. Abin da na zo nema na samu.

Kuma ya yi aiki, wannan ba zan ɓoye ba. A lokacin an hana hawa babur a gari, ba inda mutum ke zuwa da yamma in ba dole ba, sai zauren nan ya zama wurin zamanmu. Kullum bayan la'asar in jera duwatsuna uku, shi ma ya jera nasa kusan iri ɗaya, allon ya daidaita, ba wanda ya fi wani. Daga nan in yi ta kai-komo a bayan layina, rumbu ya matsa nan ya dawo can. In an yi musaya, ɗa da ɗa ne, cikin ladabi. Kafin kiran magariba allon ya yi fayau, ba mai abin da zai kama wani da shi, sai ya ce, "Bon, nul," wato kunnen doki, mu mayar da su kwali. Ban taɓa buƙatar furta kalmar nan da nake tsoro ba. Maganar bakin kwalta ta lafa. Matata ta koma dariya, har ta fara tsokanata wai ashe ɗan Damagaram ma yana da ranarsa.

Ni kuwa kai ya kumbura. Na riƙa ba abokan aikina labari a wurin shayi cewa na gano yadda ake zama da suruki lafiya, har ina ba wani sabon ango shawara, ni da kaina. A raina ina ganin na haɗa ladabi da dabara wuri ɗaya. Akwai ranar da ya bar dokinsa a fili ba mai tsaro, dab da bakin dakarena. Na kau da kai na matsa rumbu, ina cewa a zuci tsufa ya fara taɓa idon Baba, Allah ya ba ni ladar rufin asiri. Ya bar dokin a wurin har zagaye na gaba, sannan ya ja numfashi ya ɗauke shi. Ko wannan bai sa na yi tunanin komai ba.

Damina ta shigo, ruwan Komadugu ya iso, gari ya fita kallo kamar yadda aka saba. Na ce ko zai je ya gani in nemo mota, ya ce ya ga ruwa a rayuwarsa. Ya tambaye ni dai ko an bar mutane sun koma gonakin tattasai wajen Geskeru, na ce ban sani ba, ya ce haka ne, ina zan sani. Muka koma kan allo muka yi kunnen dokinmu.

Ban lura da lokacin da abin ya fara lalacewa ba. Da can yakan daɗe yana tunani kafin ya taɓa ɗa, yana jan gemu, wani lokaci har ya yi wa kansa magana da Barbarci. Sannu a hankali ya koma tura su da bayan yatsa, idonsa na kan ƙofa. Yakan yi hamma a tsakiyar wasa. Shayinsa ya riƙa hucewa a kofi. Ni duk na ɗauka zafi ne da tsufa. Sai wata rana na dawo matata ta tare ni a tsakar gida idonta jajur, ta ce ya ɗaure jaka. Ya yi magana da wani direba ɗan garinsu mai kai kaya bakin kwalta, zai zo ya ɗauke shi ranar kasuwa da safe. Ranar kasuwa kuwa washegari ce.

Ta ce me na yi masa. Raina ya ɓaci, na ce wallahi ban yi masa komai ba, ko sau ɗaya ban taɓa sarkinsa ba, mutum ya yi wata da watanni yana lallaɓa tsoho sannan a tambaye shi me ya yi? Ta ce ta ji, amma jakar dai a ɗaure take. Na yi alwala na tafi masallaci.

Da la'asar ɗin ya jera allo kamar kullum. Jakar tana jingine da bango a bayansa, ba wanda ya dube ta a cikinmu. Na yi buɗina, ya yi nasa. Na shigar da sarki kusurwa, na kawo rumbu bayan dakaren sarki, da zagaye ya dawo kaina na miƙa hannu zan mayar da shi inda ya fito, yadda na saba. Sai ya ɗora tafinsa a kan allon.

"Mushe, wa ya koya maka wannan buɗin?"

Na ce waya ce, Baba.

"Wayar ta mutu ne a tsakiya?"

Na janye hannuna daga kan rumbun. Hausarsa irin ta Barebari ce, mai nauyi, yana cikawa da Faransanci in kalma ta ɓace masa, amma ranar ba abin da ya ɓace masa. Ya ce in duba dokina na baya, ina yake kallo. Ya ce in duba mahaukacin da na fitar. Na duba. Gida ɗaya suke kallo su biyun, gidan da ke gaban dakaren sarki, wanda ya yi taki ɗaya tun farko ya tsaya, ga kuma rumbu a bayansa ya tokare shi. Ya ce duk ginin nan an yi shi ne don wannan dakaren ya yi takinsa na biyu ba tare da tsoro ba. In ya taka, tsakiya ta buɗe, ɗaya mahaukacin da ke kulle a gida tun farkon wasa ya fara ganin hanya. In mai baƙaƙe ya ci dakaren, doki ya rama ya zauna a tsakiyar fili. In bai ci ba, dakaren ya ƙara taki ya kori dokin da ke gadin sarki, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Ya ce buɗin ba ya zaluntar kowa, shi ma mai baƙaƙe yana da nasa shirin, ya soki tsakiyar daga gefe kafin a taka. An daidaita mafarin ne don kowa ya shiga faɗan a tsaye da ƙafafunsa.

"Kai kuwa kullum sai ka tara itace, ka ɗora tukunya, ka ƙi kunna wuta," ya ce. "Likitan da ya koya mini wasan nan, da wannan buɗin yake kayar da ni. Ranar da na ga ka jera shi na ce alhamdu lillahi, na samu abokin wasa. Na yi ta jira."

Na ce Baba, ni dai girmamawa ce.

"Na sani. A bakin kwalta ma ana ba mutum abin da ba zai mutu ba, ba zai kuma ƙoshi ba. Sai dai can ba mijin 'yata ne ke auna mini ba." Sannan ya ƙara, murya ƙasa-ƙasa. "Kuma kada ka ɗauka kai kaɗai ne. Na sha ganin ƙofarka a buɗe na kau da kai. Ta ina zan kayar da mutumin da nake kwana a ɗakinsa?"

Wannan ce ta gama da ni. Ashe duk kunnen dokin da nake taƙama da shi a wurin shayi mu biyu muke yinsa, yana kau da kai ina kau da kai. Ashe abin da nake kira ladabi, shi kullum tuna masa yake yi cewa ya zama abin tausayi. Kunya ta rufe ni. A bayan kunyar kuma sai haushi, don haka halina yake, in aka faɗa mini gaskiyar da ba ni da amsarta sai na huce a kan wani abu. Ya ɗauke hannunsa daga allo. Na kama dakaren nan na buga shi gaba, har kofin shayi ya yi tsalle a faranti.

Ya ce, "Bon," ya gyara zama, ya kama gemu.

Ya daɗe yana tunani. A ƙarshe bai ci dakaren ba, ya matsa wa tsakiyata daga gefe. Amma watannin hamma sun yi masa illa. Ya riga ya saba ba abin da ke zuwa, sarauniyarsa da mahaukatansa duk suna can ɗaya ɓangaren suna shan iska. Na ƙara taki, dokinsa ya ja da baya, sai na ga abin da kowane ɗan wasa ke fatan gani. Sarki a kusurwa, ba kowa a gabansa sai dakaru, mahaukacina kuma yana kallon na ƙarshensu. In na ci wannan dakaren mahaukacin zai mutu, amma sarki zai fito fili, doki da sarauniya su same shi. Na gani sarai. Shi ma ya gani, don hannunsa ya tsaya cik a gemu. Na saci kallon jakar. In na yi, gobe zai hau mota da abin da zai riƙa tuna ni da shi, surukin da ya wulaƙanta shi a ranar ƙarshe. In ban yi ba, motar dai zai hau.

Na ci dakaren, na faɗi kalmar a cikin wuyan rigata.

"Ban ji ba."

"Eshek, Baba."

"Kunnena ya tsufa, Mushe."

Na faɗa da ƙarfi, har matata da ke tsakar gida ta ji. Daga nan kuma kalmar ta ƙi ƙarewa. Ya cinye mahaukacin da sarkinsa, doki ya yi tsalle, eshek. Ya koma kusurwa, sarauniya ta zo ta tsaya masa a ƙofa. Ya buɗe wa sarkin hanya ya gudu, na bi shi gida-gida, kowane taki sai na sake faɗa, kowace faɗa kuma ji nake kamar na ɗaga wa ubana hannu. Da ya rasa mafita na janye hannu na sunkuyar da kai.

Ya daɗe yana kallon allon. Aka kira magariba, ya ɗauki buta ya fita. Na shiga gida na gaya wa matata na ci shi. Ta ajiye ludayi ta zauna a ƙasa daɓas, ta ce an ce in riƙe shi, ni kuma sai na raka shi da duka. Ban kare kaina ba, tuwon ranar ma ban iya ci ba.

Da safe ina da aji, amma na yi ta neman abin da zai tsayar da ni, in ɗaura takalmi in kwance, in shiga ɗaki neman abin da ke cikin aljihuna. Motar ta zo ta tsaya a ƙofa. Ya fita da sandarsa, ba jaka. Na ji suna magana da direban da Barbarci, nawa Barbarcin kuwa bai wuce na cefane ba, ban tsinci komai ba sai sunan Allah. Can motar ta tashi. Ya dawo ya same ni tsaye a zaure, rungume da takardun yara.

"Ba ka makara ba, Mushe?"

Na ce na makara, Baba.

"Da na ci dakaren nan tun da ya tako, da duk wannan shirmen bai faru ba. Ka dawo da wuri."

Ban san abin da na koyar a ranar ba. Da la'asar na jera duwatsuna, ban ma kai ga yin takin ba ya soke ni daga gefe, tsakiyata ta watse, ya bi ta kan rumbuna ya shigo. Ashe mutumin nan mugun ɗan wasa ne. Yana ajiye ɗa allo na ƙara, ya fi ni bugawa, nasa "eshek" kuwa har maƙwabta sun ji. Ya kayar da ni, ya ce a sake. A na biyu na yi gaggawa na taka tun kafin doki da mahaukaci su tsaya a wurarensu, ya cinye dakaren a banza, ya ce jiya na yi nawa yau kuma na yi garaje, abin lokaci gare shi, sai an gama gini, kuma kada a kwana a kai. Ya sake kayar da ni, yana yi yana nuna mini inda na yi wauta, da Hausa da Faransanci da abin da ya sauwaƙa. Na ji kunya, amma irin wadda mutum ke ji ya ɗaga kai ya ce a sake jerawa.

Bayan magariba matata ta kai masa tuwo zaure. Ina tsakar gida ina wanke hannu na ji ya ƙwala mata kira, ta koma da sauri. Da Hausa ya yi faɗan, ba da Barbarci ba yadda suka saba, na tabbata don in ji ne. Ya ce wannan wace irin miya ce, wa ya sayar mata da wannan tattasan, ja ne kawai ba ƙamshi ba ɗanɗano. Ita da aka haifa a bakin Komadugu ba ta iya bambance tattasan kogi da na ko'ina ba? Ya ce tun da ya zo yake haƙuri da shi, haƙurin ya ƙare. Gobe ta ba shi kwando, shi zai shiga kasuwa da kansa, ya san masu na gaske. Tabarmar ɗakinsa ma a sake ta, ta yi masa gajarta, ƙafafunsa a siminti suke kwana.

Ta fito da kwanon a hannu, ta wuce ni ta shiga madafa. Na bi ta, a zatona ranta ne ya ɓaci, ina shirin ba ta haƙuri. Na tarar ta jingina da bango tana share hawaye da bakin mayafi, tana dariya.

"Ka ji shi ko?" ta ce. "Tun da ya zo gidan nan bai taɓa yi mini faɗa ba sai yau."

Ta miƙa mini kwanon ta ce in riƙe, ta tafi ta kwance masa jaka.